Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jihar Kebbi: A Ƙidaya Abin da Ke Cikin Fadamar Rima

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kebbi,
Dakta Nasir Idris, Kauran Gwandu,
Gidan Gwamnati, Birnin Kebbi.



Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya haɗa ka da mashawarta masu faɗa maka gaskiya, ya sa ka sauke wannan nauyi lafiya. Ina kuma miƙa gaisuwar ban girma ta hannunka ga iyayenmu, Mai Martaba Sarkin Gwandu, Alhaji Muhammad Iliyasu Bashar, da Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, domin ruwan da zan yi magana a kansa ƙasashensu yake ratsawa.

Ranka ya daɗe, ni mazaunin Gesse ne a nan Birnin Kebbi. Ba son a ji ni ne ya sa na fito bainar jama'a da wannan magana ba. Ni da wasu 'yan'uwa da abin ya dama mun bi ƙofofin da aka saba bi. Mun kai takarda an karɓa, an ce mu dawo, mun dawo an ce ana dubawa. Damina ta zo ta wuce, rani ya zo ya wuce, shiru. Da haƙuri ya kai inda ya kai, sai na ga gara in faɗa maka a inda kowa zai ji, tunda abin na kowa ne.

Buƙatarmu guda ce. Muna so gwamnatinka ta sa a ƙidaya abin da ke raye a fadamar Gulbin Rima, tun daga Augie, a bi ta Argungu da Zauro da Ambursa da Birnin Kebbi da Kalgo, har zuwa Bunza da Suru. Kifi da tsuntsu da dabba da ciyawa da itace, a san irinsu, a san yawansu, a san inda suke, a rubuta, a ajiye inda kowa zai iya gani, a kuma maimaita kowace shekara.

Kai malami ne kafin ka zama gwamna, har ka shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa baki ɗaya. Ka san abin da malami yake fara yi in ya shiga aji da safe: kiran suna. Yaron da ya fara fashi, rajista ce ke nuna shi tun kafin ya daina zuwa gaba ɗaya, lokacin da bin sawunsa zai yi amfani. Fadamarmu ba ta da irin wannan rajista a hannun jama'a. Sai abu ya ɓace ƙurmus muke ankara, shi ma sai in wani dattijo ya tuna ya ce, wai ina abu kaza da muke gani a da?

Ka tara manyan masunta na Argungu ka tambaye su, za su faɗa maka abin da suke faɗa wa kowa: yauni ya yi wuya, babban ramboshi ya yi wuya, abin da ke cika kwando yanzu ƙananan karfasa ne da ƙurungu da 'ya'yan tarwaɗa. Ka tambayi makiyayi, ya ce maka burgu ya ja baya. Ka tambayi yaro ɗan makarantar sakandare ko ya taɓa ganin gauraka da idonsa. Wannan tsuntsu da iyayenmu suka saba ji yana kuka a fadama ya kusa ƙarewa a Najeriya gaba ɗaya. Na yarda da maganar waɗannan mutane, domin su ke kwana su tashi a bakin ruwa. Amma in aka je teburin kasafi ko gaban masu ba da tallafi, maganar baki ba ta tsayawa. Za a ce nawa ne a da, nawa ne yanzu, a wane tafki, a wace shekara. A nan ake barin mu a baya.

Abin da ya fi min ciwo shi ne, ba daga fili za mu fara ba. A shekarun 1950 wani jami'in kifi Bature, M. J. Holden, ya zauna a kan wannan gulbi namu, a nan yankin Birnin Kebbi, yana auna ruwa yana ƙidayar kifi. A 1960 shi da J. Green suka wallafa bincikensu a kan hawa da saukar ruwan da ƙananan halittun da kifi ke ci a cikinsa. A 1963 ya fitar da rahoto a kan kifin da ke saura a tafkuna bayan ruwa ya janye da rani. A 1967 Ma'aikatar Gona ta Jihar Arewa ta buga littafi sukutum a kan kifaye da sana'ar su a Arewacin Najeriya. A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton binciken ƙasa da ruwa na kwarin Sakkwato. Kafin su duka, tun 1916, likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya jera su da sunayensu na kimiyya. Duk waɗannan an yi su ne kafin a gina manyan madatsun ruwan. Wato muna da hoton gulbin nan a lokacin da yake tafiya yadda Allah ya sake shi. Wurare da yawa a Afirka ba su da irin wannan gado. Abin da ya rage shi ne a koma tafkunan, a sake ƙidaya, a ɗora sabon lissafi kusa da tsoho. Ɗalibai da malaman jami'o'inmu suna yin nasu ƙoƙari, wannan ya duba kifin wata mashaya, wancan ya auna ruwan wani wuri, amma aikin a warwatse yake, kowane yana ƙarewa ranar da aka ba mai shi takardar shaida.

Kuma gulbin ya canza, ranka ya daɗe, kowa ya sani. An kammala madatsar Bakolori a 1978, aka kammala ta Goronyo a 1984. Daga nan hawan ruwa ya daina bin damina kaɗai, ya koma bin ranar da aka buɗe ƙofa da ranar da aka rufe. Masanin labarin ƙasa W. M. Adams ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori, ya wallafa a 1985 cewa ambaliyar da ke shayar da fadama ta ragu, manoma da yawa sun bar shinkafa sun koma gero da dawa, kamun kifi ya faɗi, wasu masunta sun bar gida. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin kifinmu ba a tsakiyar gulbi suke hayayyafa ba. Sai ruwa ya hau ya malala cikin ciyawa suke bin sa su zuba ƙwai, 'ya'yan su yi kiwo a cikin burgu da roba da bado, su ɓuya daga manya, sannan in ruwa ya fara janyewa su gangaro gulbi da tafkuna. Shekarar da ruwa bai malala ba, ko ya malala ya janye da gaggawa, kifin baɗi ne aka rasa. Mun ga yadda ruwan Goronyo ya yi ɓarna a 2010, mun ga yadda tafkin ya kusa ƙafewa a 2018, mun ga ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafar jihar nan har ƙasa duka ta girgiza. A kowane karo an lissafa gonaki da gidaje, kuma daidai ne a lissafa. Amma me ya sami kifi, me ya sami ciyawar kiwo, wane tafki yashi ya binne, wace sabuwar hanya ruwa ya yanka? Wannan lissafi bai zo hannunmu ba.

Kada a ɗauka ina adawa da shinkafa. Allah ya kiyaye. A nan Birnin Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi na Babban Banki a watan Nuwamba na 2015, kuma mun ga yadda noman rani ya rufa wa gidaje asiri, ya tsayar da samarin da a da sai cin rani. Ina alfahari da hakan. Amma shinkafar nan a kan fadama take zaune, kuma fadamar ba shinkafa kaɗai take ciyarwa ba. Yau injin ban ruwa yana zuƙe tafkin da a da yake kai wa damina. Ana nome gona har bakin ruwa, ba a bar ko taku goma na jema da giyayya da ke riƙe gaɓa ba. Maganin kashe ciyawa da na ƙwari suna gangarawa inda kifi ke ƙyanƙyasa. Wasu kuma suna jan taru mai ido kamar gidan sauro, ba ya barin ko ɗan kifin da bai kai yatsa ba. Wurin burgu da makiyayi ke dogaro da shi a watan Maris da Afrilu in ya zama gona, shanu ba za su daina jin yunwa ba, sai su nufi gonar, kuma ka fi ni sanin inda wannan ke kaiwa. In da akwai taswira da ke nuna tafkin kaza wurin haihuwar kifi ne, fadamar kaza makiyaya ce, nan kuma a noma yadda ake so, da hakimi da dagaci sun sami abin riƙewa in rigima ta zo gabansu.

Akwai ma shinkafar kanta. Kafin irin zamani ya zo, kakanninmu suna da jar shinkafarsu ta gado, irin ta Afirka, wadda wasu nau'o'inta ke miƙewa tare da ruwa in ya hau. Akwai kuma shinkafar daji da ke fitowa da kanta a bakin tafki. Masana a cibiyoyin bincike na duniya suna neman irin waɗannan ido rufe, domin a jikinsu ake samun juriyar ambaliya da cuta. Jihar da ta ga abin da ruwa ya yi mata a 2020 bai kamata ta bar irin da ya san ruwa ya salwanta a rumbun tsofaffi ba tare da an tattara an adana ba.

Sai bikin Argungu, abin da duniya ta san mu da shi. Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar zumunci, ake shiga Matan Fada da homa da gora. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun bil'adama. A bikin 2020 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 78. Giwan ruwa ba ya kai wannan girma a shekara ɗaya ko biyu. Sai ya daɗe a ruwa mai zurfi yana cin ƙananan kifaye, su kuma ƙananan sai fadama ta haife su. Kamun agwagwar ruwa da ake yi a wasannin Kabanci shi ma daga yalwar tsuntsayen fadama ya samo asali. Ana kashe kuɗi a kan rumfuna da masaukin baƙi da kyaututtuka, ban ce kada a kashe ba. Amma kaso nawa ake kashewa a kan sanin lafiyar ruwan da bikin ya dogara da shi? Kabawa sun riga mu gane wannan. Hana su a Matan Fada har sai ranar biki, da fashin ruwa da ke buɗe lokacin kamu, da ikon Sarkin Ruwa da Homa a kan wanda zai shiga da lokacin da zai shiga, duk tsari ne na barin kifi ya huta ya girma. Ƙidayar da nake roƙo ƙarfafa wannan tsari za ta yi, ta ba shi hujjar da zai tsaya da ita a gaban kowa.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Dubi Haɗejiya da Nguru. Bayan madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina hawa da sauka yadda ya saba, kachala ta samu wuri ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama mazaunin tsuntsaye jan-baki. Abin da ya ba mutanen can bakin magana shi ne aikin kula da dausayin da aka fara a 1987, inda aka riƙa ƙidayar tsuntsaye ana auna faɗin ambaliya shekara bayan shekara. Da wannan lissafi masana tattalin arziki, Edward Barbier da abokan aikinsa, suka nuna a farkon shekarun 1990 cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama ya fi kawo amfani, in aka haɗa noma da su da itace, a kan ruwa daidai da shi da aka karkatar zuwa babban aikin ban ruwa na Kano. Sun yi magana da lamba, aka saurare su. Idan gobe aka ta da maganar aikin ban ruwa na Zauro, wanda aka daɗe ana tsarawa ana ajiyewa, ko wata sabuwar madatsa a sama da mu, da wace lamba Kebbi za ta yi magana?

Doka ma tana bayanmu. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, wadda aka ƙulla a Iran a 1971, kuma ta fara aiki a ƙasar nan a 2001. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta bincike kafin babban aiki, kuma ba a tantance abin da aiki zai ɓata in ba a san abin da ke wurin ba tun farko. Ƙa'idojin hukumar NESREA na 2009 a kan dausayi da gaɓar koguna da tafkuna sun yi tanadin a yi lissafin dausayoyi, jihohi su ba da bayanin nasu. Jiharmu tana da rabo a tsibiran Foge na tafkin Kainji, waɗanda aka sa cikin jerin Ramsar a 2008. Maƙwabtanmu na Nijar sun sa Dallol Mawuri, can wajen Gaya, tun 2004. Fadamar Rima kuwa, da girmanta da tarihinta da dubban gidajen da take ciyarwa, ba ta cikin jerin. Ba a shiga wannan jeri da kirari, sai da takardar da ke nuna irin halittun wuri da yawansu.

Aikin ba ya buƙatar jirgin sama ko ƙwararru daga Turai. Tsuntsayen ruwa a tsakiyar Janairu ake ƙirga su, lokacin da ruwa ya tattaru a tafkuna kuma baƙin agwagi da sauran masu ƙaura daga Turai da Asiya suka sauka, su haɗu da namu na gida, dinya da kirinjijiya da zalɓe da jinjimi. Haka ake yi a ƙasashe fiye da ɗari, a ƙidayar da aka fara tun 1967. Mutum biyu ko uku da madubin hangen nesa da littafi da kwalekwale sun isa tafki guda. Sharaɗin kawai shi ne wuri ɗaya, lokaci ɗaya, hanya ɗaya, kowace shekara. Kifi a mashaya ake rubuta shi: sikeli da ma'auni da mai rubutu, a san iri, a san tsawo, a san da wane kayan su aka kama. Tsirrai kuma a ja igiya daga bakin ruwa zuwa tudu, a rubuta duk abin da aka tarar, sau ɗaya in ruwa ya cika, sau ɗaya da bazara, a busar da samfuri a ajiye da sunansa na Hausa da na Fulfulde da na Zabarmanci da na kimiyya. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat, da ke komawa har 1972, kyauta ake samunsu a intanet, kuma za su nuna faɗin da ruwa ya malala a kowace shekara. Ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ga jami'ar jiha a Aliero, ga Kwalejin Waziri Umaru, ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu. Ga cibiyar binciken kifi ta ƙasa a Sabuwar Busa, ga cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a Jos, wadda ta horar da matasan Arewa da yawa. Masu yi suna nan.

Amfanin ba na masu son tsuntsu ba ne kawai. Wanda ya san inda jan-baki ke kwana da inda suke sheƙa zai yi feshi a inda ya dace, ba a watsa guba a kan ruwan da mutane da dabbobi ke sha ba. Murar tsuntsaye ta ɓulla a ƙasar nan a 2006, kuma masu zagaya tafki ne za su fara ganin tsuntsaye na mutuwa. A 2024 an kashe dorina a Yauri bayan ta halaka mutum. Sanin yawan dorina da inda take kiwo kariya ce ga masunci da manomi kafin a kai ga asarar rai, kuma kariya ce ga ita kanta da ayu, wanda shi ma ya zama abin nema a kogin Kwara.

Allah ya ja zamaninka, ga roƙona. Ina roƙonka ka ba da umarni a fara ƙidayar tsuntsayen ruwa a Janairu mai zuwa, ko da a tafkuna kaɗan ne tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, a kuma ɗora masu rubuta kifi a manyan mashayu. Ka sa wa aikin layinsa a kasafin kuɗi, komai ƙanƙantarsa, domin abin da ya dogara da alherin mutum ɗaya yana tafiya ranar da mutumin ya tafi. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, ya haɗa da gyaran dausayi, ina roƙo a nemi kason wannan aiki a cikinsa.

Ina roƙo da babbar murya kada a yi wannan aiki a bayan masu ruwa. A zauna da Sarkin Ruwa da Homa da dattawan Sarkawa, da ardo-ardo, da matan da ke tsinkar bado da masu banda, da masu magani da suka san kowace saiwa, a ɗauki bayaninsu da muryarsu da sunayen tafkuna yadda suke kiransu, a biya su ladan lokacinsu. Da yawansu sun manyanta, kuma wannan ɓangare ne ba zai jira kasafin baɗi ba.

Ina roƙo gwamnatinka ta zauna da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a kan lokacin sakin ruwa, a sa haihuwar kifi da ciyawar kiwo cikin lissafi tare da noman rani. Duk babban aikin da zai taɓa fadama, a fara ƙidaya kafin a kawo katafila. In sakamako ya fito, a buga shi da Hausa, a karanta a rediyo, a kai kofi fadar Gwandu da ta Argungu da ɗakunan karatu na makarantu. In kuma lissafi ya nuna mun cancanta, ka nemi Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta gabatar da fadamar Rima cikin jerin Ramsar. Ranar 2 ga Fabrairu ce ranar dausayi ta duniya. Muna roƙo a wannan rana ka tsaya a bakin Matan Fada ka faɗa wa jama'ar Kebbi ranar da za a fara da wanda ka ɗora wa aikin.

Allah ya taimake ka, ya ba jiharmu lafiya da damina mai albarka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani mazaunin Gesse, Birnin Kebbi.